Garantin da ba ya tsallake iyaka

Da zarar an sayar da auduga da kaju, ko azumi ya ƙarato, tallan kayan sauti ke cika wayoyinmu a Parakou da Djougou. Manyan lasifiku na falo, masu haɗuwa da waya ba tare da igiya ba, da amfilifaya mai ƙawata ɗaki da fitilu. A ƙarƙashin kowane hoto, a Facebook ko WhatsApp ko AliExpress, za ka ga an rubuta garanti na shekara ɗaya, wani ma shekara biyu. Farashin kuma ya yi ƙasa da na kantunan da ke kewaye da kasuwar Arzèkè. Magidanci mai son sauraron tafsiri da iyalinsa, ko matashin da ke haɗa kayan ɗakin amarya, sai ya ga ai ga sauƙi ya zo. Ra'ayina shi ne, garantin da babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a kansa cikin ƙasar nan, bai kamata ya shiga lissafinka ba sam. Ka ɗauka babu shi, sannan ka sake duba farashin.

Garanti alkawari ne, kuma kowane alkawari yana da mai shi da inda yake aiki. Yawancin manyan kamfanonin kayan sauti suna rubuta a takardarsu cewa garantin yana aiki ne a ƙasar da aka sayi kayan, kuma daga hannun dilan da suka amince da shi. Akwatin da aka yi wa kasuwar Amurka, garantinsa na Amurka ne. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye shekara 2 a kan sabon kaya, amma mai kantin da ya sayar ne ke ɗauke da wannan nauyin, shi kuma zai ce maka ka kawo masa kayan ya duba. Daga Zongon Djougou zuwa kantinsa, wa zai biya kuɗin jirgi? Sau da yawa kuɗin mayarwa ya kai kuɗin kayan. Idan kuma lasifikar mai batirin litiyam ce, gidajen waya da kamfanonin jiragen sama suna da tsauraran ƙa'idoji a kan ɗaukarsa, ba ko'ina ne za a karɓa ba.

Akwai wani tarkon da mutanenmu ba su cika lura da shi ba. Da yawa ba su yin oda da kansu. Wani ɗan gari ne ke tara kuɗin mutane ta MoMo ko Moov Money, ya saya a shafin China, a kai kayan sito a Guangzhou, daga nan a zuba su a kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. To, a wurin shafin da aka yi cinikin, ranar da kaya suka shiga siton nan ita ce ranar da mai saye ya karɓa. 'Yan kwanakin da aka ba shi na yin ƙorafi sukan ƙare tun jirgin yana tsakiyar teku. Kafin kwali ya fita daga hannun duwan, ya hau mota ya yi tafiyar kilomita sama da 400 zuwa Parakou, ƙofar ta riga ta rufe. Kuma sunan da ke kan cinikin ba naka ba ne, na mai odar ne.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi kashe waɗannan kaya. Wutar da SBEE ke ba mu volt 220 ce. Kayan da aka yi wa Amurka na volt 120 ne, na Japan 100. Wasu na'urorin suna karɓar kowace wuta, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a bayansu, amma amfilifaya da yawa ba haka suke ba. Ka sa na Amurka kai tsaye a soket ɗinmu, ƙauri kawai za ka ji. Ko kayan sun dace da wutarmu, kowa ya san yadda take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, balle da damina lokacin tsawa. Ka karanta takardar garantin da kyau: ɓarnar da hauhawar wuta ko tsawa ta jawo tana cikin abubuwan da aka saba cirewa. Haka nan idan mai gyara na unguwa ya kwance na'urar, kamfanin zai ce hannun wani ya shiga. Ke nan ciwon da ya fi kama kayan sauti a garuruwanmu shi ne wanda takardar ba ta magani.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ai mu daga Najeriya muke sayowa, ba nisa." Gaskiya ne, tun da naira ta faɗi a 2023, mai sefa a aljihu yana ganin kayan Legas da Kano da araha, kuma hanyar Nikki zuwa Chikanda ba baƙuwarmu ba ce. Wutarsu ma kusan irin tamu ce, sai dai bakin filoginsu mai ƙafa uku ne. Amma cibiyar gyaran da garantin ke nufi tana can cikin Najeriya, kai kuma kana wannan gefen. Ba mu manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020, wata goma sha shida ke nan, ya fi tsawon garantin shekara guda. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 mun ga abin da ya faru da gadar Malanville. Alkawarin da cikarsa ta dogara da buɗewar iyaka, ba a hannun mai kanti kaɗai yake ba.

Mu yi lissafi irin na aji. A ce lasifika tana jaka 60 a intanet, irinta kuma jaka 85 a kantin Parakou. Bambancin jaka 25 ne a ido. Ɗora kuɗin dako. Ɗora haƙƙin duwan, domin kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa suna rukunin kashi 20 cikin ɗari a jadawalin harajin ECOWAS, ga kuma TVA kashi 18. Ɗora ladan mai oda. Abin da ya rage, shi ne kuɗin da aka biya ka don ka yafe haƙƙinka na mayar da kaya. Ka tambayi kanka ko ya isa. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

A matsayinmu na Musulmi ma, wannan ba sabon babi ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi, kuma sun ba shi zaɓin mayarwa idan kayan sun saɓa wa siffar, ko aka samu tsohon aibin da aka ɓoye. Sun kuma hana cinikin garari, wato wanda ba a san ƙarshensa ba. Iyayenmu fatake da suka bi ta Djougou zuwa Gwanja sayen goro, amana ce jarinsu, kuma a kowane zango akwai maigidan da ke tsaya wa baƙo idan ciniki ya lalace. Yau wa ke tsaya maka a shafin da ba ka san ko a wane gari mai shi yake kwana ba? Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwanmu masu yi wa jama'a oda: ku faɗa tun kafin a turo kuɗi, ku wakilai ne ko masu sayarwa? Idan wakili ne kai, ka ce ladanka kaza, kuma in kaya sun zo a mace asarar ta mai kuɗi ce. Idan ka ɗora riba ka sayar, to aibin a wuyanka yake. Cin riba irin ta mai kanti sannan a gudu a ce "ni aike kawai aka yi ni", wannan ba daidai ba ne, kuma shi ke raba zumunci a unguwanninmu.

Ƙasarmu tana da dokar kare mai saye tun 2007, da dokar harkokin dijital ta 2018 wadda ta taɓo ciniki ta intanet. Sai dai ƙarfinsu a kan wanda za a iya kira ya amsa ne a nan. Mai kanti a Parakou, kana iya kai ƙararsa ofishin ma'aikatar kasuwanci, ko gaban shugabannin kasuwa, ko limamin unguwa ya kira ku ya sasanta. Wannan ita ce fa'idar saye a gida, kuma 'yan kasuwarmu su sani ita ce kaɗai makaminsu a gaban intanet. Mai kantin da ke cewa "in ka fita da shi shi ke nan", shi da kansa yake kora mutane zuwa AliExpress. Ku ba da rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar na'ura, ku rubuta wata nawa kuka tsaya a kai, ku gwada kaya a gaban mai saye.

Ba na cewa a daina saye daga waje. Ƙaramar lasifikar jaka biyar, in ta mutu an yi haƙuri. Amma kayan da za su ci albashin wata guda, kada ka tura ko dala sai ka samu amsar abu huɗu a rubuce: wutar volt nawa yake ci, wa zan kai wa idan ya lalace, a wane gari yake, kuma wa zai biya dako. Ka tambayi mai gyara na garinku ko ana samun kayan gyaran irinsa. Ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun cikin farashi. Ranar da kwali ya iso, ka buɗe shi kana ɗaukar bidiyo, ka gwada nan take. Mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi ya riga ya gaya maka darajar garantinsa. Ba a cinikin biri a sama. Allah ya sa albarka a guminmu.