Garantin Kyamara Alkawari Ne, Ba Laya Ba

A makon nan ina so in ja hankalinku ga 'yar takardar nan da akan samu cikin kwalin sabuwar kyamara, wadda ake kira garanti. Na lura mutane da yawa suna riƙe da ita kamar laya, ba su taɓa karanta abin da ke cikinta ba.

To, ga ma'anarta. Kamfani ya ɗauki alkawari cewa in wani aibi ya bayyana wanda asalinsa daga wurin ƙira ne, zai gyara kyauta. A Amurka, Nikon da Canon shekara 1 suke bayarwa daga ranar saye, kuma sai an nuna rasit. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, ƙa'idar da aka kafa a 1999 ta ɗora wa mai sayarwa lamunin shekara 2 aƙalla.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, takardar Nikon ta Amurka ta bayyana cewa alkawarin na wanda ya fara saye ne kaɗai, ba ya bin kaya zuwa hannu na biyu. Saboda haka wanda ya sayi kyamara ta hannu, ko da watanta 2 rak da fitowa daga kanti, kada ya yarda a ƙara masa kuɗi don an haɗa masa da wannan takarda.

Na biyu, garanti bai shafi faɗuwa ba, ko shigar ruwa da rairayi, ko ɓarnar da wani mai gyara ya yi. Duk da haka sai ka ga mutum kyamararsa ta faɗa ruwa, ya shanya ta, ya kai ta yana rantsuwa wai haka kawai ta tsaya. Ya manta ramin ƙarya ƙurarre ne, domin da an buɗe ta tsatsa za ta ba da shaida. Wannan cin amana ne, kuma shi ke jawo wa masu gaskiya tuhuma.

Shawarata ita ce, a karanta sharuɗɗa kafin a biya, a adana rasit, a kuma faɗi gaskiya a wurin gyara. Allah ya sa mu gane, amin.