A Ba Shi Kuɗin Tun Yana Gaɓa

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta Turawan Ingila da na daɗe ina juya ta a raina, wato mutum ya tashi lafiyarsa ƙalau ya ce zai ƙetare teku da iyo, sannan ya roƙi 'yan uwa da abokan arziki su zuba kuɗi a wata gidauniya saboda wannan wahala da zai sha. Abin yana burge ni, amma akwai inda yake tsaya mini a wuya.

Bari mu fara da ruwan kansa. Mashigin da ya raba Ingila da Faransa, daga Doba zuwa gaɓar Faransa, mil 21 ne a inda ya fi ƙunci. Sai dai ba wanda ke tafiya a miƙe, domin igiyar ruwa tana jan mai iyo ta kai shi nan ta dawo da shi can, har tafiyar ta ƙaru sosai. Kyaftin Matthew Webb, wanda ya fara ƙetarewa a 1875, sai da ya kwashe awa 21 da minti 45. Doka kuwa mai tsauri ce: ɗan wando, hular roba da tabaron ruwa kawai, babu rigar kare sanyi. Jirgin rakiya yana gefenka, amma ka taɓa shi ka faɗi. Abinci ma da sanda ko igiya ake miƙo maka. Ga sanyi, ga manyan jiragen dakon kaya, ga wata halittar ruwa mai kama da leda da ke harbi kamar kunama.

A cikin wannan ruwa ne David Walliams, ɗan wasan barkwancin nan na talabijin, ya yi awa 10 da minti 34 a watan Yuli na 2006, ya tara wa Sport Relief sama da fam miliyan ɗaya. A 2011 ya sake faɗawa kogin da ya ratsa Landan, ya yi mil 140 cikin kwana 8, duk da amai da gudawa da suka kama shi a hanya.

To, mai karatu zai ce, me ya sa sai mutum ya azabtar da kansa kafin a taimaki mabuƙaci? Ai yaron da ba shi da lafiya yana nan kwance, ko an yi iyo ko ba a yi ba. Gaskiya ne. Amma ni a ganina ɗan Adam haka yake, kunnensa ya gaji da roƙo. Idan ya ga maƙwabcinsa na tashi da asuba wata da watanni yana shiga ruwan sanyi, ya kuma biya hayar jirgin rakiya ta dubban fam, sai ya yarda cewa maganar ba ta fatar baki ba ce. Jikinsa ya ba da jingina. Wannan ban ga aibinsa ba.

Inda nake da ja shi ne salon alkawarin nan na "in ka isa zan bayar", ko "kowane mil ga abin da zan biya". Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Mutumin da ya yi awa 12 a ruwa, sanyi ya fara taɓa masa tunani, abu na ƙarshe da ya kamata ya riƙa lissafawa shi ne kuɗin marasa lafiyar da za su salwanta in ya ce a ɗauke shi. Kunya kaɗai ta isa ta hana shi ɗaga hannu, balle a ƙara masa bashi.

Kuma ruwan nan yana kisa. A watan Yuli na 2013 wata mata 'yar shekara 34 ta rasu saura kamar mil ɗaya ta taka ƙasar Faransa, tana tara wa wani gidan jinyar yara da masu ciwon suga gudummawa. Ba na ɗora wa kowa alhakin rasuwarta. Abin da ya tsaya mini shi ne, bayan labarin ya bazu sai kuɗin ya ninninka. Ashe kuɗin yana nan a aljihun mutane tun tana raye!

Masu tsara ƙetarewar sun yi nasu ƙoƙarin: sai ka kawo takardar likita, sai ka nuna ka taɓa yin awa 6 a ruwa mai sanyi, kuma in matuƙin jirgi ya ce fito, magana ta ƙare. Saura namu, masu bayarwa. In wani naka ya ce zai shiga, ka tura abin da za ka tura kafin ranar, ka kuma gaya masa baki da baki cewa ko a mil na biyu aka tsamo shi, kuɗin ya riga ya shiga asusun gidauniyar kuma ba mai cewa a dawo masa da ko sisi.