Kuɗin jarka, ina suke kwana?

Da takarda ce ke kawo ruwa, da karkarar Nijar ta daɗe da ƙoshi. Muna da dokar ruwa tun ranar 1 ga Afrilu 2010. Muna da PROSEHA, tsarin da aka shata daga 2016 zuwa 2030 da alkawarin ruwan sha ga kowa. A 2016 kuma aka sa hannu kan miƙa wa komin-komin ragamar ruwan karkara, kowace ta rubuta nata tsarin ruwa da tsabta. Amma ku shiga ƙauyukanmu: shato a tsaye, pampo a bushe, mata sun koma tsohuwar rijiya da guga.

Tsarin kansa, mu faɗi gaskiya, ba shi da laifi. Komin ce mai kayan. Ita ke ƙulla yarjejeniya da ɗan kasuwar da zai riƙe ruwan, ƙungiyar masu shan ruwa ta gari, wato AUSPE, tana sa ido. Kuɗin da mace ta biya a bakin pampo ana raba su: kason mai riƙo, na gazuwal da albashi da ƙananan gyare-gyare; kason komin; sai kason da ake ajiyewa a asusu domin sabunta kaya da ƙara tsawon bututu. Wannan asusun shi ne ran aikin. Injin jan ruwa yana da kwanansa, gurup ma haka, hatta farantan hasken rana da ake ta yabo. Ranar da injin ya mutu, in asusun na da ciki, gyara kwana kaɗan ne. In wayam ne, gari ya zauna jiran wani puroje, wata shida, shekara, Allah masani.

To wa ya taɓa ganin lissafin asusun garinsu? Ku tambayi iyayenku. Shekara da shekaru suna biya, dala-dala, amma da wuya ka samu wanda zai ce maka ga abin da ya taru, ga masu sa hannu a cire.

Kuma ba arha suke saye ba. A birni, mai pampo a gida ya daɗe yana biyan sefa 127 kan lita 1000 a matakin farko na faktir. Inda ake sayar da jarka mai lita 25 dala biyar, lita 1000 ta tashi jika guda, kusan ninki takwas kenan. Talakan ƙauye ke biyan ruwa mafi tsada, sannan shi ne ba a yi wa bayani.

Yadda ake ƙidaya ma yana da hannu. A lissafin hukuma, wurin ɗiban ruwa na zamani guda na mutum 250 ne. A haƙa foraj, a yanka ƙyalle, a tafa, adadi ya hau. Ma'aikatar ruwa tana fitar da yawan waɗanda suka lalace, ba mu musa ba, sai dai ba a kiran talabijin ranar gyara. Mai ba da tallafi ya fi son allo mai sunansa a kan sabon shato da ya sayi kayan gyaran tsohon.

Sannan ƙasar ba ɗaya ba ce. Damagaram a kan dutse take zaune. A sassan Tawa sai an nutsa ɗaruruwan mitoci kafin a tarar da ruwa, don haka kuɗin jawo shi ba zai zo daidai da na bakin gulbi ba. Tsarin da bai yi lissafin dabbobin makiyaya da rani ba, rigima ya shuka. Mutanen Tibiri ta Gobir kuma ba su manta ba: ruwan foraj mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ƙasusuwan yara shekaru kafin a farga. Awon ruwa a kai a kai yana cin kuɗi, kuma dole a rubuta wa zai biya tun kafin a kafa bututun farko.

Tun Afrilu 2024 aka rusa majalisun komin, aka naɗa kantomomi. Kansilan da za a tare a kasuwa a tambaya babu shi yanzu, amma asusun yana nan, mata na ci gaba da zubawa. Abin da muke nema ga kowane kantoma shi ne a liƙa lissafin ruwa a ƙofar ofishin komin da bakin kowane pampo, a kuma karanta shi da Hausa a rediyon gari: lita nawa aka sayar, nawa suka shiga asusu, kwana nawa aka yi babu ruwa.

Ku da za ku je gida hutu ko salla, ku nemi shugaban AUSPE na garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙi ganin yarjejeniyar da takardar banki ta ƙarshe. Abin da ya nuna maku, ko ya hana ku gani, ku aiko mana da sunan garin.