Idan za ka sayo wa yara gem, sayo tsohon

Hutun makaranta na ƙaratowa, kuma na san a gidaje da yawa na Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi a Kano an fara jin roƙon nan: "Baba, a sayo mana gem." Uban da ya gaji da aika a nemo masa yaro a shagon gem na bakin layi bayan isha'i yakan yarda cewa gara abin ya shigo gida, inda ido zai riƙa kaiwa. Daga nan sai muhawara ta tashi: sabon PlayStation 5 dal a kwali, ko tsohon PlayStation 2 na hannu? Ni dai ina bayan tsohon, kuma ba tsada kaɗai ta kai ni can ba.

Tsadar ma ba abin rainawa ba ce. Lokacin da Sony ya fitar da PS5 a watan Nuwamban 2020, dala 499 ya sa wa mai cin faifai. A 2024 dala ta haura naira 1,500, ka ga kuɗin ya kai wajen 750,000 tun ba a sa ladan dakonsa da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne. Albashin wata goma ke nan da ɗoriya, kuma hannun buga wasa ɗaya ne a cikin kwalin. Gida mai yara huɗu da hannu ɗaya, ai rigima ka sayo.

Amma a ce mutum yana da hali. Duk da haka sai na ce ya dakata ya dubi gidansa. Sabon injin an ƙera shi ne don ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna shi da cokali. Yana jan wutar da ta kai wat 200 idan wasa ya yi zafi, alhali siririn PS2 da aka fito da shi a 2004 bai kai 50 ba. Wanda ya haɗa 'yar sola da batir ɗaya don fanka da fitila ya san abin da wannan tazara take nufi da ƙarfe tara na dare. Wanda kuma layinsa ya faɗa rukunin A ya san yadda mita ke gudu tun da aka kai kuɗin wuta naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Ga batun data: wasa guda na sabon injin yakan ci gigabait masu yawa kafin a fara buga shi, kuma bayan 'yan makonni sai ya ce sai an sabunta shi. An ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa, yara na zaune sun zuba wa talabijin ido, ba a buga komai ba.

Tsohon kuwa kunna ka buga ne. Ya fito tun 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ba a daina ƙera shi ba sai wajen 2013. Wannan yawa shi ne gatansa. Kamar Fijo 504 yake a zamaninta: kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sa yankewa. Daga Ƙauyen Alu zuwa kasuwar Farm Center tafiyar ɗan sahu ce kaɗan, kuma tsakanin nan da layin Beirut da Sabon Gari da wuya ka rasa matashin da zai buɗe shi ya canza abin da ya mutu kana tsaye. In sabon ya lalace, tsoron buɗe shi ma ake yi, domin kuskure ɗaya asarar dubu ɗaruruwa ce.

Abin da ya fi damuna a sabon dai ba wuta ba ne. Ƙofar da yake buɗewa ce. Wasannin ƙwallo na yanzu, irin su EA Sports FC da ya gaji FIFA a 2023, suna da sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗi ba tare da an san wa za a samu a ciki ba. Yaro ya biya, ya buɗe, ko ya dace ko ya tashi a tutar babu, sai ya sake biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan tsari a 2018 ta ce caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA da ake sayen ƙunshin da shi a ƙasar a farkon 2019. Mu da muke kukan shagunan caca na ƙwallo sun cinye mana samari, da hannunmu za mu kawo ƙaramar makarantar abin cikin falo? Ban da haka, injin da ke kan intanet yana haɗa yaronka hira da mutanen da ba ka san su ba, da tsakar dare, kunnensa a toshe. PS2 da ke gidajenmu ba ya kiran kowa. Abokin karawarka dole ya zauna kusa da kai a kan tabarma, ka ci shi ya ji haushi, a yi dariya, a miƙa wa na gaba hannu.

Ba mu kaɗai ke irin wannan muhawara ba. A Amurka akwai wasan finbol, wani tebur mai rufin gilashi da ake harba ƙwallon ƙarfe a ciki ana tare ta da 'yan fukafukai biyu. Birnin New York ya haramta shi daga 1942 har 1976 bisa zargin caca ne. Yau magidanta a can suna sayensa su ajiye a gida, suna ta gardama ko a ɗauki tsoho na shekarun 1990 ko sabo daga kamfanin Stern na yankin Chicago, kuma tambayar da ta fi raba gardamar ita ce: in ya lalace, wa zai gyara? A can mai gyaran tsoho ne ke wuyar samu, shi ya sa da yawa ke karkata ga sabo. A Kano lissafin juyawa yake yi.

Ba zan ɓoye aibin tsohon ba. Injin da ya shekara goma sha biyar ko ashirin idonsa na karanta faifai yakan gaji, shi ya sa masu shago ke zuba wasanni a filashi. Wannan kwafi ne ba da izinin masu abin ba, kowa ya sani, kuma kowane uba ya yi wa kansa hukunci a kai. Hotonsa a babbar talabijin ta bango dishi-dishi yake fitowa, kuma ba shi da ramin HDMI, sai wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, wadda wasu sababbin talabijin ba su da wurinta. Saurayi ɗan shekara goma sha shida da ya ga PS5 a gidan abokinsa a Nassarawa zai taɓe baki. Wannan gaskiya ne. Amma ƙannensa 'yan bakwai da tara ba ruwansu da kyan ciyawar filin, su dai a zura ƙwallo a raga. Shi kuwa babban, in ya matsa, PS4 na hannu yana nan a tsakiya, a bar shi ba intanet.

Idan ka je saye, kada ka karɓi wanda aka naɗe maka a leda. Ka sa a haɗa shi a shagon, ku buga wasa guda har a tashi, ka taɓa jikinsa ka ji zafi, ka saurari fankarsa. Ka gwada kowane maɓalli na hannayen biyu, domin na jabu sun cika kasuwa kuma su ne ke fara mutuwa. Ka nemi a rubuta maka kwanakin da za ka iya dawo da shi. Kafin kuma ya shigo gida, ku zauna da uwargida ku yanke inda zai zauna da lokacin kunna shi. A namu gidan falo ne, bayan an dawo daga Islamiyya, ana kiran magariba a kashe, kuma 'yan matan gidan suna cikin layin karɓar hannu kamar kowa.