Hasken ɗakin hoto ma da awo ake bayar da shi

Mu masu haɗa magani aikinmu awo ne, abin da za a ba ƙato ba shi ake ba jariri ba. To, haka yake a ɗakin hoton eksire, ko da yake mutane gani suke maɓalli kawai ake dannawa.

Abu biyu ma'aikacin hoto yake saitawa kafin ya ce a riƙe numfashi. Na farko ƙarfin hasken, wato yadda zai ratsa jiki: hoton hannu kilobolt 50 zuwa 60 ya ishe shi, na ƙirjin babban mutum yakan haura 100. Na biyu yawan hasken, wanda in aka ninka shi, an ninka abin da jiki zai sha. In ya yi kaɗan, hoto ya fito dishi-dishi, ƙaramar tsaga a ƙashi ta ɓuya, a sake ɗauka, jiki ya sha sau biyu. In ya yi yawa, a zamanin fim baƙi hoton yake fitowa, kowa ya ga kuskuren. Injinan yanzu masu kwamfuta kuwa gyara shi suke yi ya fito fes, da wuya a gane an zarce. Wannan ya fi damuna game da yara, domin hasken ya fi yi wa jikin da ke tasowa illa.

Ba tsorata ku nake yi ba. Hoton ƙirji ɗaya kimanin milisibat 0.1 ne, alhali abin da mutum yake samu daga ƙasa, iska da sararin sama a shekara ya kai kusan 2.4. Hoton CT na ciki ne mai nauyi, yakan kai 8 zuwa 10. Sikanin na masu juna biyu kuwa sauti yake amfani da shi, babu wannan hasken a cikinsa.

Naku aikin shi ne hana maimaici. Uwargida, ki cire sarƙa da rigar mama mai ƙarfe, a cire wa yaro laya. In kina da ciki, ko al'ada ta yi jinkiri, ki faɗa kafin ki shiga, kunya ba ta da gurbi a nan. Ku adana tsohon hoto, ku tafi da shi asibiti na gaba. Kada ku kai kanku hoto ba takardar likita, kuma in wurin kuɗi ne, ba laifi ku tambaya ko suna da lasisin NNRA, hukumar da ke sa ido kan waɗannan injina a Najeriya.