Ƙugiyar Da Ake Yi Wa Walda A Ƙofar Gida

Yau za mu ɗan jingine maganar farashin gero da wake, mu taɓo wani abu da ya yawaita tun da aka janye tallafin man fetur a 2023.

Mai a-kori-kura ko kanta ya ga sawu ɗaya ba ya fitar masa da kuɗin mai. Sai ya kira mai walda ƙofar gida, a samo guntun ƙarfe a Ƙofar Ruwa, a lanƙwasa, a liƙa a bayan mota, wai shi ke nan an sami ƙugiyar jan tirela. Kafin la'asar an gama, da asuba an nufi Dawanau ɗaukar lodi.

Mu ba mu ce kar a ja tirela ba, neman abinci ne. Inda muka ƙi shi ne wurin da ake liƙa ƙugiyar. Da yawa a jikin bamba suke yin waldar, alhali bamba ba don ja aka yi ta ba. Wani kuma sai ya ce to a gasa a jikin shasi, ai nan ne ƙarfin mota. Nan ma da magana. Ƙarfen shasin manyan motoci an riga an hore shi da wuta tun a masana'anta, in aka sake sa masa wuta sai ya saki. Ba ranar yake karyewa ba, tsagewa yake yi a hankali daga bakin waldar, ƙura ta rufe, ba mai gani. Don haka ne masu ƙera su suke hana walda ko huda a leɓen shasi na sama da na ƙasa. Aikin ƙwarai shi ne a gitta ƙarfe mai kauri tsakanin hannuwan shasi biyu, a ɗaure da kusa da noti a ramukan da motar ta zo da su. Kusar ma a duba kanta, wadda aka buga wa lamba 8.8 ko 10.9 ita ce ta wannan aiki.

Sai birki, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an zo gangara. Tirelar gida ba ta da birkin kanta. A Turai doka ba ta yarda irinta ta wuce kilo 750 ba, har da nauyin ƙarfenta. To buhun masara kilo 100 ne, ku yi lissafi da kanku. Mu nan sai a jibga ninkin haka, a ce Allah ya kiyaye hanya. Amin, amma direba na taka birki ita tana tura shi ta baya. In kuma an tara nauyin a can ƙarshenta, sai ta kama layi a kan titi, ta ja motar duk inda ta so. Kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin ya kamata ya sauka a kan ƙugiya. A sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashinta, a sa fitilar baya mai ci.

To 'yan'uwa dillalai, kayan wa ke cikin tirelar nan? Mota ta direba ce, buhunan kuwa na Alhajin da ya ba mu amana ne, in sun zube a hanyar Zariya mu za a nema. Saboda haka kafin a fara cinikin kuɗin mota, mu zagaya baya mu duƙa mu leƙa. In walda muka gani a bamba, a loda abin da motar ke ɗauka, sauran su jira wani sawu.