Tsofaffin motocin shiga ƙauye: Kuɗin gyaransu daga tiyarmu yake fita

Duk wanda yake cin kasuwannin ƙauyukan Sae Sabuwa, ko na cikin Agye da Gazawa, ya san cewa da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa zuwa Tasawa, to magana ta koma ta rairayi da kwazazzabai. A irin wannan hanya ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Abin da ke ɗauko mu da buhunan aya da wake da gyaɗa da gero shi ne tsofaffin motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, Land Rover da Toyota Land Cruiser da Hilux, waɗanda wasu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Mun saba da su har ba ma tambayar yadda suke rayuwa, alhali kuwa kowane ƙarfe da aka canza musu, mu ne muke biya a kuɗin mota da kuɗin buhu.

Idan ba a manta ba, a shekarar 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila domin aikin gona da daji. Gangar jikinta ta alminiyom ce, shi ya sa ba ta yin tsatsa kamar sauran motoci, sai dai ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da ita yana tsagewa in kaya sun yi yawa. A watan Janairu na 2016 kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin da muka sani, wanda ya fito da shi a madadinsa kuwa mota ce ta masu hali, cike da na'urorin kwamfuta da bakaniken ƙauye ba shi da kayan duba su. Ita kuma Land Cruiser ta Japan, asalinta tun 1951 ne, kuma samfurin 70 da ya fito a 1984 har yanzu ana ƙera shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Toyota ta danne Land Rover a tashoshinmu, domin motar da kamfaninta bai yar da ita ba, kayan gyaranta sun fi saukin samu.

Abin mamaki, a Turai da Amurka attajirai ne ke neman irin waɗannan tsofaffin motoci, su kashe musu kuɗi masu yawa, a mayar da su fes kamar ranar da suka fito, don kawai sha'awa. Mu a nan gyaran namu na neman abinci ne. Makanikai da masu walda na Maraɗi sun ƙware wajen cire injin fetur su dasa na gas, su ƙara ganyen sifirin don motar ta ɗauki nauyi, su ɗora mata keji da benci, har su haɗa mota guda daga gawar motoci biyu. Wannan basira ce da ta cancanci yabo, domin ba don ita ba da tuni wasu kasuwanni sun mutu.

To amma akwai gyara, akwai kuma ɗinkin ɓarna. Idan aka ƙara sifirin ba a taɓa birki ba, an ba motar ƙarfin ɗauka ne ba a ba ta ƙarfin tsayawa ba. Idan aka jibga buhuna a sama, mata da goyo suka hau kansu, nauyin ya koma can bisa, ɗan karkacewa kaɗan a kwazazzabo ya isa ya kifar da ita. Haka kuma idan ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba ya lalace, mai mota ya ga tsadarsa ya cire shi gaba ɗaya, to sunanta ne kawai mai ƙafa huɗu. Ita ce za ta kafe a rairayi, a sauke mu a yi ta turi, mu isa kasuwa bayan manyan masaya sun gama awo sun tafi. Mai tumatir ko mai ƙuli-ƙuli da mai ta san abin da wannan ke nufi a aljihunta.

Me ya sa masu motocin ke yin haka? Ba duka ne ganganci ba, matsi ma yana ciki. A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, sai man da 'yan ruwa-ruwa ke shigowa da shi da araha ya zama tarihi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ta rufe, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Ta wannan hanya ce kayan gyara da yawa ke zuwa daga Ƙofar Ruwa ta Kano. Rufe iyakar Gaya da ƙasar Benin tun 2023 kuma ya toshe hanyar da motocin kwatano da ƙarafansu suka saba bi. Gwamnati ta rage kuɗin mai a watan Yuli na 2024, amma sai ga ƙarancin fetur a watan Maris na 2025, domin matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ta kasa ɗaukar buƙatar ƙasa ita kaɗai. Mai tsohuwar mota da ya ga mai da ƙarfe sun tashi, abu biyu yake yi: ya ƙara kuɗin buhu, ko ya jinkirta gyara. Na farko ya ci ribarmu, na biyu yana iya cin ranmu.

Wasu na cewa kabu-kabu da amalanke sun isa. Babur yana da sauri, amma ba zai ɗauki buhu ashirin na aya ba, amalanke kuma ba za ta kai mu kasuwa mai nisa mu dawo a yini ɗaya ba. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ko ya kammala, ba zai shiga ƙauyukan Sae Sabuwa ya ɗauko mana wake ba. Dole dai sai wata mota ta fito da kayan zuwa bakin kwalta.

Saboda haka muna ganin akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Hukumomin ƙananan hukumomi da ke karɓar harajin kasuwa a hannunmu duk mako, su mayar da wani kaso wajen zuba burji da cike wuraren da motoci ke kafewa da damina, domin hanya mai kyau ita ce gyaran mota mafi araha. Shugabannin tasha su riƙa duba birki da taya da sitiyari kafin a yi lodi, kada su tsaya ga karɓar kamasho kaɗai.

Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin, domin mu ne ke roƙon direba ya ƙara mana buhu ɗaya bayan mota ta cika. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, har tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Matan da suka iya tara asusu haka, za su iya haɗa kai su yi jinga da mai mota guda na tsawon kaka, su biya shi a kan lokaci, su kuma gindaya masa sharaɗin yawan kaya da lafiyar birki. Mai motar da ya san kuɗinsa na nan tafe, ba zai ji tsoron sayen ƙarfe mai kyau ba. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu gida da riba.